Idan Hanta Ta Gaza Hankali Kan Gushe: Hukuncin Mara Lafiya Kafin Dashe Da Bayansa

  

A daminar da ta gabata, bayan sallar Azahar, wasu samari biyu daga wani ƙauye da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe suka tsaya a ƙofar masallaci suna jiran jama'a su watse. Da muka keɓe, babban ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah gafarta Malam, Baba ne ya yi wa Inna saki uku a daren jiya. Yau da asuba kuma yana kiranta ta kawo masa ruwan alwala, bai san ya yi ba." Muka tambayi lafiyar dattijon. Suka ce wata bakwai ke nan cikinsa na kumbura, ƙafafu sun haye, idanu sun yi ɗorawa. A makonnin nan kuma ya koma yin barci da rana, cikin dare sai ya tashi yana kai-komo a tsakar gida yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Mutumin da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba ya zagi surukinsa a gaban jama'a. An kawo masu ruƙiyya biyu. Na farko ya ce aljani ne, na biyu ya ce sammu ne a kan rikicin wata gona.

Muka ce musu: kwana nawa rabonsa da bayan gida? Suka kalli juna, domin fatawa suka zo nema, ba su zaci jin irin wannan tambaya daga bakin limami ba. Ƙaramin ya ce kwana huɗu. Muka ce maganar saki za ta iya jira, amma tsohon ba zai iya jira ba, a nemi mota a kai shi asibiti yau.

Mu ba likitoci ba ne. Sai dai wanda ya daɗe yana zuwa gaishe da marasa lafiya, yana kuma wanke gawa, dole ya koyi wasu abubuwa, kuma dole ya zauna da masana ya tambaya, tunda ba a yin hukunci a kan abin da ba a fahimci surarsa ba. Abin da ya sami wannan dattijo yana da suna a littattafan likitanci, kuma an san yadda yake aukuwa. Hanta, wadda nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, tana zaune ne kamar shingen bincike tsakanin hanji da sauran jiki. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya ratsa ta tukuna. Cikin abin da yake kwasowa akwai wani dafi mai suna amoniya, wanda ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suke samarwa. Lafiyayyar hanta tana juya shi ya zama yuriya, wato sinadarin nan da manomanmu suka sani a buhun taki, ƙoda kuma ta fitar da shi cikin fitsari. Idan ciwo ya shekara da shekaru yana cin hanta, sai ta cika da tabo, ta ƙandare, ta tsuke. Daga nan jini ya kasa ratsa ta, ya nemi ɓarauniyar hanya, ya isa ƙwaƙwalwa da dafinsa. A can akwai wasu ƙwayoyi masu hidima ga jijiyoyin tunani. Su ne suke zuƙe amoniyar, su kumbura, saƙonnin ƙwaƙwalwa su rikice.

Ba yau aka gano wannan ba. A shekarar 1893, a ɗakin binciken Pavlov da ke ƙasar Rasha, an karkatar da jinin hanjin karnuka ya kauce wa hanta, sai aka ga duk lokacin da suka ci nama sukan rikice, su yi tangaɗi, wasu su suma. A 1954 likitar nan ta Landan, Sheila Sherlock, da abokan aikinta suka yi cikakken bayanin ciwon a jikin mutane. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu. Yakan fara da juyewar barci da raguwar natsuwa da saurin fushi. Sannan kasala da canjin hali da rashin sanin kwanan wata, kuma idan aka ce ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka kamar mai tsayar da mota, sai a ga suna kaɗawa kamar fiffiken tsuntsu. Mataki na uku shi ne magagi mai nauyi da sambatu. Na huɗu dogon suma. Ƙiyasin masana shi ne, cikin mutum 100 masu ƙandararriyar hanta, 30 zuwa 40 za su gamu da wannan ruɗewa a fili wata rana.

Kafin matakin farko ma akwai wani ɓoyayye da iyali ba su cika lura da shi ba. Mutum yana hira daidai, yana zuwa kasuwa, amma lissafinsa ya fara zamewa, hankalinsa ba ya saurin ɗaukar abu. Idan ɗan tireda ne, asararsa a aljihunsa take. Idan direba ne mai ɗaukar fasinja a hanyar Sakkwato zuwa Jega, rayukan mutane ne a hannunsa, kuma wajibi ne a kan 'yan'uwansa su karɓi makullin, su kuma ɗauki nauyin gidansa, tunda ba a raba mutum da sana'arsa a bar shi da yunwa.

Yawanci akwai abin da ke tayar da ruɗewar: taurin bayan gida, ko zubar jini a cikin ciki, ko wata cuta da ta shiga jiki, ko ƙarancin ruwa, ko ƙwayoyin sa barci. Nan ne jahilcinmu yake yin kisa da kyakkyawar niyya. Tsoho ya hana gida barci, sai a aika yaro kemis ya sayo ƙwayar barci, alhali hantar da za ta narkar da ita ta gaza, sai a tura shi daga mataki na biyu zuwa na huɗu. Wasu kuma su ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Maganin farko da likitoci ke bayarwa wani ruwa ne mai zaƙi, laktulos, wanda aka fara amfani da shi ga wannan ciwo tun 1966. Aikinsa ya sassauta ciki har mutum ya riƙa fita sau biyu ko uku a yini, dafin ya bi bayan gida. Akan ƙara da wani mai suna rifaksimin ga wanda abin yake yawan dawo masa. A da akan hana su nama da wake da duk abinci mai gina jiki. Yanzu likitoci sun bar wannan, domin an gano ramewar tsoka tana ƙara ciwon, har suna umartar a ba su ɗan abinci kafin kwanciya don kada su daɗe da yunwa.

Dattijon nan kwanansa uku a asibiti a Sakkwato ya buɗe ido ya gane 'ya'yansa, ya tambayi ina mahaifiyarsu.

To, mene ne matsayin sakinsa? Hankali shi ne madogarar taklifi, kuma yana cikin abubuwa biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka nuna cewa shari'a ta zo ne don kiyaye su. Hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito ya bayyana cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Malamanmu na Malikiyya ba su bar mas'alar a dunƙule ba. Shaihu Khalil, a babin saki na Mukhtasar, ya ambaci wanda ya yi sambatu saboda rashin lafiya cikin waɗanda sakinsu ba ya aukuwa. Shaihu Dardir ya yi sharhi cewa idan ya farfaɗo ya ce bai san abin da ya fito daga bakinsa ba, ba a lazimta masa, a fatawa ko a gaban alƙali, sai fa in shaidu sun tabbatar da cewa a lokacin yana cikin hankalinsa. Littattafan nan suna nan a zaurukan Tambuwal, ana karanta su safe da yamma. Abin da ya ragu shi ne malami ya gane cewa mai kumburin cikin da aka kawo maganarsa shi ne wanda Khalil yake nufi. Da an yi gaggawa a ranar, da an fitar da tsohuwa daga ɗakin da ta shekara arba'in a ciki, a daidai lokacin da mijinta ya fi bukatarta, kuma a mazhabarmu saki uku a kalma ɗaya ba wasa ba ne.

Kada kuma wani ya mayar da wannan ƙofar tsira. Ciwon yana zuwa yana tafiya. Mai ƙandararriyar hanta yakan yi makonni garau, kuma abin da ya ƙulla ko ya warware a cikin hayyacinsa yana nan daram, da ƙa'idojin da shari'a ta gindaya wa mai ciwon ajali: kyautarsa ba ta wuce sulusi sai da yardar magada, matar da ya saka tana gadonsa, kamar yadda Sayyidina Usman (RA) ya hukunta wa matar Abdurrahman bin Auf (RA) a ruwayar Muwaɗɗa. Saboda haka muna shawartar iyalai su riƙa rubuta ranakun da ya ruɗe, su riƙe takardun asibiti, kada kuma a kawo masa takardar sayar da gona ya dangwala hannu sai a gaban adilai biyu da suka yi hira da shi suka gamsu. Mun ga gonakin da suka salwanta a tsakanin Magariba da Isha'i.

Sallah kuwa, Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin suma, yana yin wadda ya farfaɗo a cikin lokacinta. Imam Malik ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar (RA) ya taɓa suma, hankalinsa ya gushe, bai rama ba. Hanbaliyya suna ganin a rama duka, Hanafiyya sun ce a rama in ba su wuce na yini da dare ba. Azumi shi ana rama shi idan an sami iko. Amma wanda hantarsa ta kai ga tara ruwa a ciki ko ruɗewa, doguwar yunwa da ƙishirwa suna iya jefa shi cikin suma, kuma ɗan da ya bar mahaifinsa ya ɗauki azumi a zafin Sakkwato cikin wannan hali don gudun maganar mutane bai yi masa biyayya ba.

Akwai abin da ya fi saki da gona zafi a wurinmu. Mai wannan ciwo sau da yawa a cikin ruɗewa yake cikawa. Ana laƙƙana masa kalmar shahada yana kawar da kai, ko yana faɗin abin da ba shi da daɗin ji. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zaga gari cewa wane bai cika da imani ba, ko me yake aikatawa a ɓoye? 'Ya'yansa su rayu da wannan ƙunci. Muna jin tsoron Allah a kan wannan magana. Imam Muslim ya ruwaito labarin mutumin da raƙumarsa ta ɓace a daji da guzurinsa, da ya same ta farin ciki ya sa harshensa ya juya kalmar godiya ta zama kalmar da zahirinta kafirci ne, Annabi (SAW) kuma ya bayyana cewa kuskure ne ya yi saboda tsananin murna. Idan murna tana zama uzuri, ina ga dafin da ke yawo a cikin jini?

Wani zai ce: Malam, ta yaya kuka tabbatar da cewa hanta ce, ba shafar aljanu ba? Ba mu musun samuwar aljanu ko sihiri, kuma ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata alheri ce ga kowane mara lafiya. A karanta masa a gida, a karanta masa a cikin mota, a karanta masa a gadon asibiti. Abin da muke ƙi shi ne a tsare shi kwana biyar ana turare da duka ana cewa aljani ya fita. Hujja mafi ƙarfi kuwa ta zo ne daga dashen hanta. Thomas Starzl ya fara gwada shi a birnin Denver na Amurka a 1963, aka sami nasarar farko a 1967, aikin kuma ya bunƙasa bayan 1980 da aka sami magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa. A 1989 aka yi nasarar yanko ɓangaren hantar mai rai aka dasa wa wani, domin Allah Ya halicci hanta da wata baiwa: idan aka yanke fiye da rabinta, ragowar takan tofo ta kusa cika cikin 'yan watanni. A manyan cibiyoyi yau, kusan mutum 90 cikin 100 suna raye shekara guda bayan dashe. Abin lura a nan shi ne, likitan bai taɓa kan mara lafiya ba, cikinsa ya buɗe. Amma mutumin da ya yi shekara yana sambatu sai ya tashi da hankalinsa. Hotunan ƙwaƙwalwa da ake ɗauka kafin aiki da bayansa suna nuna kumburin yana saɓewa, wani ƙarfe mai suna manganis da ya taru a can cikin ƙwaƙwalwa shi ma alamarsa tana dusashewa a hankali.

Sai dai dawowar hankali ba kamar kunna fitila take ba, kuma a nan ne iyalai suke yin kuskure iri biyu. A kwanakin farko bayan aiki da yawa sukan sake rikicewa saboda nauyin tiyata da magunguna. Maganin hana ƙin gaɓa da aka fi bayarwa, takrolimus, shi kansa yakan sa rawar hannu da ciwon kai da rashin barci, wani lokaci har farfaɗiya idan ya yi yawa a jini. Natsuwa da saurin fahimta suna dawowa ne cikin watanni, har zuwa shekara. An daɗe ana ɗauka cewa komai yana komawa yadda yake. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa mafi yawa suna samun sauƙi mai yawa, amma wanda ya sha faɗawa cikin ruɗewa kafin dashe, ko mai yawan shekaru, ko mai ciwon suga, ko wanda giya ce ta lalata masa hanta, yana iya saura da ɗan rauni wajen riƙe sabon abu ko tattara hankali. Ma'ana, duk faɗuwar da aka bari ta auku saboda sakaci tana iya barin tabon da sabuwar hanta ba za ta goge ba. Kwana huɗun da tsoho ya yi bai fita bayan gida ba suna da lissafi.

Mun san wani ɗan kasuwa a yankin nan da aka kai Indiya, ɗansa ya ba shi ɓangaren hantarsa. Kafin tafiya ƙannensa ne suka riƙe shago da gonaki, kuma sun kyauta. Ya dawo, ya yi ƙiba, ya koma sahun farko. Bayan shekara ya nemi a damƙa masa dukiyarsa, sai aka fara kewaye-kewaye: "Yaya, ka huta, ai ka san kanka ya taɓu." Kalmar ta bi shi har kasuwa, aka daina karɓar shawararsa, aka daina sa shi shaidar ɗaurin aure. Wannan zalunci ne. Hukunci yana tafiya da dalilinsa, idan dalili ya gushe shi ma ya gushe. Allah Ya yi umarni a farkon Suratun Nisa'i a jarraba marayu, idan an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, Ya kuma hana a yi rige-rigen cinye ta kafin su girma. Idan haka ne ga yaron da bai taɓa riƙe dukiya ba, to wanda ya tara ta da guminsa fa? Da aka kawo mana maganar, shawarar da muka bayar ita ce a bi hanyar ayar: a ba shi littafin shago ya yi lissafin wata guda a gaban dattawa biyu. Ya yi, har ya gano bashin da aka manta ba a rubuta ba. Daga ranar ba a sake tayar da zancen ba.

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne, wato a ce ai ya warke, a sakar masa komai. Wanda aka yi wa dashe zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, a kan lokaci, yawanci sau biyu a yini da tazarar awa 12, da gwajin jini a kai a kai. Idan ya yi wasa jiki zai far wa sabuwar hantar. Mutumin da ƙila mantuwa ba ta gama sakinsa ba, shi aka ɗora wa aikin da ba ya son mantuwa. Lallai a sami mutum ɗaya a gida da zai riƙe wannan amana, kuma sau da yawa uwargida ce ta fi kowa iyawa. Azuminsa a hannun likitansa yake, kuma galibi sukan hana a shekarar farko. Idan hadda ta zame masa, ko yana rikicewa a adadin raka'o'i, a yi masa uzuri, ya bi liman, ya riƙa bita da wani ɗalibi bayan Asuba. Kada kuma masu zuwa dubiya su kawo masa sassaƙe da saiwa, domin wasu tsirrai suna rikita ma'aunin maganin a cikin jini.

Game da halaccin dashen kansa, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta shi a 1985, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma ta fitar da ƙudurinta mai lamba 26 a Jidda a 1988, inda ta halatta ɗaukar gaɓa daga mai rai idan rayuwarsa ba ta dogara da ita ba, kuma da yardarsa, ta kuma haramta sayarwa. Akwai manyan malamai da suka saɓa, irin su Shaihu Sha'arawi na Masar, bisa hujjar cewa jiki mallakar Allah ne, ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Muna girmama wannan fahimta, amma mun rinjayar da ta jamhuru. Inda muke jin tsoro shi ne sharaɗin yarda. A gidajenmu, idan aka tara yara aka ce wa zai ba Baba, kunya kaɗai ta isa ta sa yaro ya ce "ni", zuciyarsa na rawa. Aikin yana da haɗari ga mai bayarwa, ƙarami ne amma akwai shi, har da na rasa rai. A gaya masa gaskiya a keɓe, a ba shi hanyar janyewa ba tare da an yi masa gori ba. Sayen gaɓar talaka kuwa haramun ne, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana, kuma duk mun ji yadda wata kotu a Landan ta ɗaure wani tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawan ƙasar nan a 2023 a kan yunƙurin cire ƙodar wani matashi.

Yanzu bari mu faɗi abin da ba a son ji. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma masu bukatar dashen hanta daga yankinmu Indiya ko Masar suke nufa, da kuɗin da manomin Kuchi ko Jabo ko Sanyinna ba zai tara ba ko da ya sayar da gonarsa da shanunsa. Mutum ɗaya ne cikin jama'a masu yawa zai je. Sauran a gida za su yi jinya. Ba mu hana a yi gidauniya don ceton rai guda ba, lada ne babba. Amma muna mamakin al'ummar da za ta tara miliyoyi cikin mako biyu saboda wani sananne, ta kasa ɗaukar jaririnta zuwa ɗakin shan magani a karɓi allurar da gwamnati ke yi kyauta.

Mafi yawan ƙandarewar hanta a ƙasarmu ba giya ce ke kawo ta ba, kuma ya kamata masu zargi su ji wannan. Babban sanadi shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma, tana ci a ɓoye shekara 20 ko 30, alhali baligin da ya kamu galibi jikinsa yakan kore ta. Tana bin jini: daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, da askar da aka yi wa yara goma kaciya ko tsaga da ita, da cire beli, da ƙaho, da allurar da aka maimaita, da kuma saduwar aure. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu suna da wani dafi da ke haɗuwa da ita ya gaggauta sankarar hanta. Rigakafin yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa matanmu da yawa a gida suke haihuwa, al'ada kuma ta ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Ba mu san wata aya ko hadisi da suka ce haka ba. Uban da ya iya neman ragon suna zai iya neman babur a ranar farko. Wanzamanmu mutanen kirki ne masu gadon sana'a, kuma sabuwar reza ga kowane kai ba za ta rage musu daraja ba. Wanda gwaji ya nuna yana da cutar, akwai magani irin su tenofobir da ke danne ta ya kare hanta, likita ne zai duba ya ce ko lokacin farawa ya yi. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da na ciwon hanta. Mu limamai ba sai mun jira doka ba kafin mu tambayi waliyyai, kuma sakamakon ba hujjar fasa aure ba ne kai tsaye, tunda ana iya yi wa ɗayan rigakafi. Muna kuma roƙon Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da mawadatanmu su dubi gwaji da maganin wata-wata na talakawa masu wannan cuta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir. Ba baƙon abu muke kira zuwa gare shi ba.

Dattijon da muka fara da labarinsa bai je Indiya ba. Ya rayu wata biyar bayan dawowarsa, tsohuwarsa tana auna masa laktulos da cokali safe da dare, tana ƙirga fitarsa kamar yadda likita ya koya mata. A cikin watannin ya biya basussukansa, ya yi wasiyya a gaban shaidu, ya aika aka kira surukin da ya zaga ya nemi gafararsa, ko da yake bai tuna ya yi ba. Ya rasu cikin dogon suma, bai yi magana ba kwana biyu, mu muka yi masa sallah. Bayan addu'ar bakwai muka ce wa babban ɗan ya kwashi 'yan'uwansa da matansu da yaransu a je a yi gwaji. Cikin 'ya'yansa shida, uku suna ɗauke da cutar. Ɗaya an ɗora shi a kan magani, biyu an ce su riƙa komawa duk wata shida. Matar ƙaramin ta haihu a watan jiya da daddare, da gari ya waye shi da kansa ya ɗauki jaririyar da kakarta a babur zuwa asibiti.